Tambaya da Amsa: An Cire Otomatik An Sa Giyar Hannu, Waya Ta Rikice

Motocin da ake shigowa da su daga Amurka, irin su Corolla da Camry da RAV4, galibinsu otomatik ne. In akwatin giyar, wato bwat, ta mutu, tsadar wata takan sa mai mota ya ce a ɗaura masa ta hannu ya huta. Aikin ƙarfen ba ya cika gagarar makanikan Yamai da Tawa. Inda ake samun cikas shi ne waya, kuma tambayoyin da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kanta suke.

Assalamu alaikum. Ina da Corolla ta 2004 mai injin 1.8. An sa mini bwat ta hannu, komai ya zauna daidai, amma in na murɗa mabuɗi tablo ne kawai ke kamawa, sitata ko motsi ba ta yi. Mai waya ya ce wayoyi biyu kawai zai haɗe, shi ke nan. In yarda? Daga unguwar Wadata, Yamai.

Wa alaikumus salam, Malam. Mai wayarka ya gano inda ciwon yake, amma rabin magani ya faɗa maka.

A gefen tsohuwar bwat, daidai inda sandar giya ke kamawa, akwai wani makunni mai faɗi da soket babba. Aiki uku yake yi. Shi ke barin wutar mabuɗi ta wuce zuwa sitata, amma sai giya tana kan P ko N. Shi ke kunna fitilun baya in an sa R. Shi ne kuma ke gaya wa kwamfutar inji inda giya take. Da aka fid da bwat an fid da shi tare, ga soket ɗinsa nan yana reto, hanyar sitata ta yanke ke nan.

Kada a bi launin waya wajen neman guda biyun, domin launi yana canjawa daga shekara zuwa shekara, har daga ƙasa zuwa ƙasa. A ɗauko tsohon makunnin, a sa mitar awo a kan gwajin haɗuwa, a juya shi zuwa P. Ƙafafu biyun da suka haɗu a P, suka rabu a R, suka sake haɗuwa a N, suka rabu a D, su ne na sitata. Yawanci sun fi sauran kauri. A ɓangaren mota kuma a tabbatar da fitilar gwaji: ɗaya daga cikin biyun ba ta kawo wuta sai lokacin da aka murɗa mabuɗi har ƙarshe. In an haɗe su da guntuwar waya, giya a firi, birkin hannu a ɗage, inji ya juya, to an samo su.

Wannan haɗin na gwaji ne. In aka naɗe shi da salatif aka bar shi haka, motar za ta tashi a kowace giya. Ran da aka ajiye ta a giya ta ɗaya a ƙofar gida, wani ya zura hannu ta taga ya murɗa mabuɗi, za ta zabura gaba, kuma ƙarfin sitata kaɗai ya isa ya matse yaro da bango. Ba abin da za a yi wa sakaci ba ne.

Daidai ɗin shi ne a ja wayoyin nan biyu zuwa ƙafar kuloci. A Corolla ta hannu akwai makunni a can ƙasa wanda ba ya haɗuwa sai an take kuloci har ƙarshe. In an sayo ƙafafun tare da maƙalarsu, sau da yawa yana jiki; a duba kafin a bar wurin mai kaya. Motarka tana da rile na sitata, wato makunnin da 'yar ƙaramar wuta ke kunnawa don babbar ta wuce, tun daga kamfani, don haka wutar da ke bi ta wayoyin nan kaɗan ce, makunnin kulocin zai ɗauka kai tsaye.

Tsofaffin motoci, waɗanda wayar ke tafiya daga mabuɗi har kan sitata ba rile a tsakani, su ne ke son ƙarin aiki. Kan sitata yana jan amfiya 30 ko fiye a lokacin da yake kamawa, ƙaramin makunni ba zai jima ba zai ƙone. A sa rile mai ƙafa huɗu na amfiya 30 ko 40. Wayar da ke zuwa daga mabuɗi ta shiga ƙafa 30. 87 ta tafi ƙaramin bakin sitata, wanda ake yi wa lamba 50. A ciri reshe daga wayar mabuɗin ya bi ta makunnin kuloci ya shiga 86. 85 kuma ta kama mas, wato jikin mota. Waya mai kaurin milimita 2.5 ga 30 da 87, siririya ta wadatar ga sauran biyun.

Tun da aka canja bwat, sitata ke juyawa da ƙyar kamar batir ya mutu. Na sayi sabon batir, ba abin da ya sake. Jiya har kebul ɗin totur na ji ya yi zafi. Daga Tawa.

Alhaji, tsohon batirin naka mai yiwuwa lafiyarsa lau. Babbar baƙar wayar da ke fita daga batir, a motoci da yawa, a jikin bwat ake ɗaure ta, ko kuma akwai wata ƙirtaniya tsakanin bwat da jikin mota. Wajen sauke tsohuwar an kwance ta. Wajen ɗora sabuwar ko an manta da ita, ko an rasa ramin da za ta shiga an maƙala ta a kan fenti da tsatsa. Sitatar ƙaramar mota tana jan amfiya 100 zuwa 200, kuma dole wutar ta sami hanyar komawa batir. In ta rasa babbar hanya sai ta bi duk ƙarfen da ta samu: kebul ɗin totur, na kuloci, na giya, ko siraran wayoyin mas na kwamfuta. Zafin da ka ji daga nan yake, kuma a daina murɗa mabuɗi sai an gyara, domin abin da ke bi baya shi ne ƙonewar kwamfuta.

Gwajin minti biyu ne. Mita a kan volt, baki ɗaya a kan sandar batir mai alamar ragi, ɗaya a jikin sitata, wani ya murɗa mabuɗi. In ta nuna abin da bai wuce 0.3 ba, mas lafiya. In ta kai 1 ko ta haura, an kama shi. A goge wurin da takardar yashi har ƙarfe ya fito fari, a ɗaure da ƙusa mai kyau, a shafa ɗan giris a sama saboda damina.

In mas ɗin ya fita lafiya amma sitata tana gurnani ko tana karta, a duba ko ta otomatik aka mayar. A wasu motocin ɗaya ce, a wasu tsawon bakinta da haƙoranta sun bambanta da na fulawil, wato faifan ƙarfen bayan inji da take juyawa.

Fitilun ribas ba sa kamawa. Da aka taɓa su kuma, duk sanda na sa ribas sai tablo ya mutu.

Ɗan'uwa, a jikin bwat ta hannu akwai ƙaramin makunni mai ƙafa biyu da ake murɗawa kamar ƙusa. A tsohon soket ɗin otomatik a nemi waya mai kawo wuta muddin mabuɗi yana kunne, da wayar da ke tafiya fitilun baya. Ta biyun ana gane ta da ba ta wuta ta fis, wani ya tsaya a baya ya ga ko sun kama. Waɗannan biyun ake kaiwa ƙaramin makunnin, ba ruwansa da wacce ta hau wace ƙafa. Ƙwan fitila biyu masu wat 21 ba su wuce amfiya uku da rabi.

Tablo yana mutuwa ne domin a Toyota da yawa fis ɗaya, mai rubutun GAUGE, ke ciyar da shi da fitilun ribas. Wanda ya taɓa maka ya haɗa ƙafa ɗaya da mas ke nan, ko wayar ta goge a jikin ƙarfe. Kada a ƙara girman fis ɗin, a nemi inda ta taɓa.

A nan za mu tsaya kan yadda ake haɗa waya, domin a nan yawancin ayyukan ke lalacewa bayan 'yan watanni. Murɗe waya biyu da hannu a naɗe da salatif ba ya jure zafin Afrilu da Mayu a ƙarƙashin bonet. Gam ɗin yana narkewa, ƙura ta shiga, ruwan Agusta ya ƙarasa. A liƙe da dalma ko a matse da maɗauri, a zura robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, a sa damin cikin bututun roba, a ɗaure shi nesa da salansa da sandunan giya. Sauran ƙafafun tsohon soket da ba a yi amfani da su ba, a rufe kowace daban, kada a datse su a haɗe a dunƙule.

Motar tana tafiya, amma fitilar inji ba ta mutuwa. An goge da na'ura, ta dawo kafin in isa gida. Wani ya ce a cire ƙwan kawai, wani ya ce a sa rezistans, wani ya ce sai an canja kwamfuta. Camry ce mai injin 2.4. Daga Lazaret, Yamai.

Malam, maganar cire ƙwai a ajiye ta gefe. Fitilar nan ita kaɗai ce bakin da inji ke da shi. In ka toshe ta saboda bwat, ran da sensar iska ko koyil ya lalace ba abin da zai gaya maka.

A irin motarka kwamfutar inji da ta bwat a gida ɗaya suke. Har yanzu tana aika wuta zuwa solenoyid, wato ƙananan bawul na lantarki masu canja giya, tana jiran labari daga sensar gudun cikin bwat da ta zafin mai, ba ta samun amsa. In aka sa na'urar bincike za a ga lambobi masu farawa da P07: P0705 na makunnin giya, P0710 na zafin mai, P0715 ko P0717 na sensar gudu, P0750 zuwa sama na solenoyid. In an haɗe wayoyin sitata kai tsaye, wata lambar ma takan ƙaru, P1780 ko P0850 gwargwadon shekara, domin kwamfutar tana ganin mota a kan N alhali tana gudu a titi. Wannan ma wani dalili ne na bi ta makunnin kuloci.

Ba fitila kaɗai ba ce. Kwamfutar otomatik tana da nata ralanti na P da na D, kuma takan sassauta ƙarfin inji na ɗan lokaci a daidai inda take zaton tana canja giya. Shi ya sa wasu ke jin mota ta ɗan yi tsam a tsakiyar hawa ba dalili, ko ralanti yana hawa yana sauka.

Rezistans, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta a waya, yana aiki, amma a san iyakarsa. Solenoyid na kunna-kashe na Toyota yana tsakanin om 11 da 15, don haka in an sa mai om 12 tsakanin wayar da mas, kwamfuta za ta ga kamar yana nan. Sai dai a yi lissafi: volt 14 a kan om 12 yana fid da zafin wajen wat 16. Ƙaramin rezistans na rediyo zai ƙone nan take. Ana son mai gidan alminiyom na wat 25 ko 50, a ɗaure shi a jikin ƙarfe, nesa da roba da kafet. Wannan yana kashe lambobin katsewar waya ne kawai. Lambobin da ke fitowa daga kwatanta gudun inji da na mota ba ya taɓa su, domin ba za a iya ruɗar kwamfuta ta ga giyar da ba ta shiga ba. A motocin farkon shekarun 1990 dabarar takan wadatar. A taka, da wuya.

Abin da muke ba da shawara shi ne kwamfutar giyar hannu, ta injin nan, ta shekarar nan. A jikin ta Toyota akwai lamba da yawanci ke farawa da 89661. A tafi da ita wajen masu kayan gyara, a kuma karanta abin da aka rubuta na inji da M/T, wato giyar hannu. Shigar soket ba hujja ba ce. Misali, Corolla ta Amurka ta 2003 da 2004 totur ɗinta na kebul ne, daga 2005 na lantarki ne, kwamfutocinsu ba sa musanyuwa. Corolla ta Turai ta waɗannan shekarun kuma injin 1.4 da 1.6 ta fi zuwa da su, don haka bwat ɗinta tana iya hawa injin 1.8 amma kwamfutarta ba za ta ba shi man da ya dace ba. Kafin a kunna, a gwada zanen ƙafafun kwamfutocin biyu ɗaya bayan ɗaya, musamman na wuta da na mas.

Sai maganar mabuɗi. In motar tana da tsaron nan da ke karanta ƙwayar cikin mabuɗi, sabuwar kwamfuta ba ta san naka ba: inji zai juya ya ƙi kamawa, ko ya kama ya mutu nan take. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi kwamfutar da mabuɗinta da akwatin tsaronta daga mota ɗaya. In ba a samu ba, sai mai na'urar rajistar mabuɗi. A Toyota da dama na shekarun 2000 masu akwatin tsaro daban, ana gabatar da sabuwar kwamfuta gare shi ta hanyar haɗa ƙafa 4 da 13 na soket ɗin bincike, mabuɗi a kunne, inji a kashe, minti 30. A tabbata batir a cike yake, a kuma ƙirga ƙafafun da kyau, domin 16 wutar batir ce tsirara.

Agogon gudu ya kwanta, kuma in na saki totur zan tsaya a mahaɗar hanya sai inji ya mutu.

Matsala ɗaya ce, Malam. Kwamfuta tana buƙatar sanin mota na tafiya ko tana tsaye kafin ta riƙe ralanti daidai. In labarin gudu bai zo ba, lambar P0500 za ta fito, inji ya riƙa faɗuwa a daidai lokacin tsayawa.

A fara sanin daga ina motar ke ɗaukar gudu. In daga tayoyi ne ta ABS, canja bwat bai kamata ya taɓa shi ba, sai a nemi soket da aka manta. In daga bwat ne, sensar ta hannu mai waya uku ce: wuta, mas, da sigina. Otomatik kuma takan zo da wasu masu waya biyu, na cikin aikinta, waɗanda ba su da alaƙa da agogo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki ɗaya daga cikinsu a haɗa. A ɗaga tayar gaba ɗaya, a sa mata matokari, giya a firi, mabuɗi a kunne, a juya ta da hannu a hankali. Wayar sigina za ta riƙa hawa tana sauka a mita, a Toyota sau huɗu a kowane zagayen sensar. In tana yi a bakin sensa amma ba ta isa bayan tablo, waya ce ta yanke a hanya. A yawancinsu daga tablo ne siginar ke wucewa zuwa kwamfuta.

In agogon ya tashi amma yana ƙari ko ragi, ƙaramin haƙorin roba da ke bakin sensar ne bai dace da wannan bwat ba. A gwada shi da GPS na wayar hannu a miƙaƙƙen titi, wani na riƙe da wayar.

Mabuɗi ya ƙi fita bayan na kashe mota. Daga Bukoki.

Hajiya, motar tana jiran a sa P ne, ga shi babu P. A jikin gidan mabuɗi akwai ɗan solenoyid mai waya biyu da ke tare shi. A Toyota cire soket ɗinsa ya isa, a kuma cire ƙaramin akwatin da ke ƙarƙashin tsohuwar sandar giya. A motocin da kebul ne ke yin wannan aikin, a zare kebul ɗin, a ɗaure hannunsa a matsayin P yadda ba zai motsa ba.

Peugeot 406 ce. Sitata tana juyawa lafiya, amma ba wuta a fulogi, famfon mai ma ba ya ci gaba da aiki. Daga hanyar Konni, Tawa.

A Corolla sensar da ke ƙirga juyin inji a gaba take, wajen fule, canja bwat ba ya shafarta. A 406 kuwa a saman gidan kuloci take, tana karanta haƙoran da ke jikin fulawil: gurbi 60, an cire biyu, saura 58. Giɓin nan ne ke gaya wa kwamfuta inda fistin yake. In fulawil ɗin da aka sa na wani injin ne, misali na dizal, ko na tsohon injin Peugeot samfurin XU aka sa wa sabon samfurin EW, haƙoran ko wurin giɓin ba za su zo daidai ba, kwamfuta kuma ba za ta ba da wuta ko mai ba. A sa na'ura a dubi juyin inji ana murɗa mabuɗi: in sifili ne, ko soket ɗin sensar bai shiga ba, ko ta yi nisa da haƙoran, tazarar kuwa wajen milimita ɗaya ce. In ya tabbata fulawil ne, ba gyaran waya da zai yi, sai an sake sauke bwat.

Bayan ta tashi akwai sauran aiki. Otomatik ɗin 406 tana da kwamfutarta daban. In an cire ta, sai an shiga da na'urar Peugeot, Lexia ko Diagbox, an sake rubuta wa kwamfutar inji cewa bwat ta hannu ce, haka ma BSI, akwatin da ke kula da wutar jikin mota, a waɗanda ke da shi.

RAV4 ce ta 2014, bwat ta fara zamewa. In mai da ita giyar hannu?

Alhaji, ba mu ba ka shawarar haka ba. A motocin wannan zamanin, kwamfutar inji da ta birki da ta sitiyari da tablo duk suna magana ne ta waya biyu da aka murɗe tare, wato CAN. Labarin giya ba wuta ba ne da za a haɗe da guntuwar waya, saƙo ne da kowace ke jira. In ya ɓace, lambar U0101 ko 'yan'uwanta za su fito, fitilun ABS da na hana zamewa su kama, in mai jan ƙafa huɗu ce tayoyin baya su daina ja, in kuma mai tashi da maɓalli ce tana iya ƙin tashi ko ƙin mutuwa gaba ɗaya domin ba ta ga P ba. Aikin yana yiwuwa ne kawai in an sami cikakkiyar mota 'yar'uwarta ta giyar hannu, aka kwaso damin wayoyin inji da na tablo da kwamfutocin da mabuɗan baki ɗaya, kuma kuɗin haka yakan haura na wata bwat otomatik mai lafiya.

Kafin a yanke wa taka hukunci, a karanta lambobinta, a duba yawan man da launinsa da ƙanshinsa. In ja ne ko ruwan ƙasa mai haske, ba ƙauri, ba garin ƙarfe a faranti, sau da yawa solenoyid ɗaya ne ko soket da ruwa ya shiga. Man da ya dace da ita shi ne Toyota WS, kuma ba ta da sandar awo, ana daidaita yawansa ne ta ramin ƙasa, inji na aiki, zafin man yana wajen digiri 40, motar a shimfiɗe daidai.